Ɗan Sarki Cikin Kaki: Shaidata a Kan Janar Hassan Usman Katsina

Ni ɗan baduku ne, haifaffen birnin Katsina, kuma abin da ya haɗa gidanmu da gidan sarauta bai wuce fata da zare da basilla ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin dukawan da ake kai wa kayan doki gyara idan salla ta gabato, saboda haka na buɗe ido na tarar da zaurenmu cike da linzami da ragama da majayi, da warin jima wanda har yau idan na shaƙe shi sai ƙuruciya ta dawo mini. An haife ni a 1947, shekara uku bayan Sarki Usman Nagogo ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko. Na fara da asalina ne domin mai karatu ya san daga inda nake hangen mutumin da zan ba da shaida a kansa, wato Manjo-Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina. Ban taɓa zama yaronsa ba, ban ci tuwon gidansa ba, shi kuma bai san sunana ba. Amma a shekarun da suka fi kowaɗanne nauyi a rayuwata, shawarar da yake yankewa a ofis ita ce take zuwa ta same mu a kan titi da cikin rami, kuma abin da na ɗauke shi ina saurayi ya bambanta ƙwarai da abin da na same shi daga baya.

Gidan Dikko gidan doki ne. Dikko ne ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Nagogo ya shahara da shi har a wajen ƙasar nan, kuma 'ya'yan gidan suna koyon zama a kan sirdi kusan tare da koyon tafiya. Mahaifina sai da ya koyi ɗinkin sirdin folo, wanda ba shi da tudun gaba da na baya irin namu na hawan salla, domin aikin ya yawaita. A zauren nan na fara jin sunan Hassan. An haife shi ranar 31 ga Maris 1933, ya yi elemantare a Kankiya, ya yi Midil a Katsina, ya wuce Kwalejin Barewa, sannan ya ƙara karatu a Zariya. Ina ɗan shekara tara, a 1956, labari ya cika gari cewa ɗan Sarki ya shiga soja. Wanda bai rayu a wancan zamani ba zai yi wuya ya fahimci girman wannan magana. A wurin iyayenmu, soja aikin yaron da ya gagari gida ne, ko wanda talauci ya koro daga ƙauye, kuma mai mutunci ba ya ba soja 'yarsa cikin daɗin rai. Ɗan Sarki kuwa hanyarsa a share take: ya yi malanta a ofishin En'e, a ba shi hakimci, ya naɗa rawani, makaɗa su bi shi. Sai ga wannan ya bar duka ya tafi inda saje zai daka masa tsawa ya ƙame. Ya samu horo a Gana, daga nan aka tura shi Ingila, makarantar Mons da ta Sandhurst, ya fito hafsa a 1958, daga baya kuma ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Dole in faɗi gaskiya a kan yadda zuciyata take a lokacin samartaka. Na taso ina sauraron 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, maganar Malam Aminu Kano a kan talaka ta shige ni, kuma ina da dalilina na gida. Wani kawuna da ke zaune a wani gari an taɓa kama shi saboda ya halarci lacca, 'yan doka suka tasa shi gaba, aka yi masa bulala, aka ɗaure shi wata uku ba tare da an bar shi ya buɗe baki ba. Na ga bayansa da idona bayan ya fito. Tun daga ranar duk abin da ya shafi rawani nake kallonsa da zargi, kuma idan aka yabi Hassan a zaurenmu sai in ce a raina, ai ɗan Sarki ko rijiya ya faɗa a kan kilishi zai sauka. Na taɓa furta haka a gaban mahaifina. Bai ɗago kai daga ɗinkin da yake yi ba, ya ce: "Kai yaro, dokin da aka fi yi wa ado shi ya fi ɗaukar nauyi ranar hawa." Ban karɓi maganar ba a lokacin.

A 1964 na bar dukanci na tafi Kaduna, na samu aiki a masaƙa a Kakuri. Wanda ya koya mini gyaran inji wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, mai haƙuri, wanda ya shekara fiye da goma a Arewa, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ɗakinsa yana kallon nawa a gidan haya. Ina kiransa Oga, yana kirana ɗan Katsina. Da azumi matarsa takan aiko mini da lemo lokacin buɗa-baki.

Cikin azumin ne, daren Juma'a wayewar Asabar 15 ga Janairu 1966, muka ji ƙarar da muka zaci atisayen soja ne, domin an kwana biyu ana yinsa a bayan gari. Da gari ya waye sai magana ta fara yawo ƙasa-ƙasa, kowa yana tsoron ya zama shi ne ya fara faɗinta da ƙarfi: an kashe Sardauna a gidansa, tare da uwargidansa Hafsatu. Kafin kwanaki kaɗan sauran labarin ya iso. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi, Birgediya Zakariya Maimalari ya tafi, haka Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar Yakubu Pam, ban da Akintola da Okotie-Eboh da Birgediya Ademulegun da sauransu. Ni da nake adawa da jam'iyyar Sardauna, na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, saboda ko ɗan adawa ya san cewa an sare itacen da kowa ke fakewa a inuwarsa.

Hassan a lokacin Manjo ne, shi ke riƙe da rundunar motocin sulke a Kaduna. Labarin da ya shahara shi ne Manjo Nzeogwu, jagoran masu juyin mulkin a Kaduna, ya same shi da bindiga a hannu yana neman ya faɗi ɓangaren da yake, shi kuma ya nuna yana tare da shi. Na ji waɗanda suka riƙe wannan a matsayin aibi, ni ma na riƙe shi haka shekaru da yawa. Sai da na shiga soja na ga yadda rai yake fita cikin ƙiftawar ido sannan na sake auna maganar. Da ya yi gardama a safiyar nan, da an ƙara gawa ɗaya a kan waɗanda aka tara, kuma da Arewa ta rasa ɗaya daga cikin 'yan manyan hafsoshin da suka rage mata. Bayan kwana biyu Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulkin ƙasa, ya naɗa shi Gwamnan soja na Jihar Arewa, aka ƙara masa girma zuwa Laftanar-Kanar. Shekarunsa 32. Yankin da aka miƙa masa ya fi rabin Nijeriya faɗi, daga Sakkwato zuwa Yerwa, daga Katsina zuwa Ilori da Makurɗi, kuma jama'arsa tana cikin makoki da fushi.

A nan ne na fara ganin amfanin abin da nake raina wa. Mutanen Arewa ba su san soja a matsayin masu mulki ba, kuma a watannin nan kaki abin ƙyama ne, domin masu kaki ne suka yi kisan. Da wani aka kawo, da sarakuna sun karɓe shi da baki kawai, talakawa kuma sun juya masa baya. Amma wannan jikan Dikko ne. Idan ya shiga fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya san inda ake cire takalmi da yadda ake zube gaisuwa, kuma idan ya yi magana a rediyo da Hausarsa ta Katsinanci, tsohuwa a ƙauye tana jin ɗan gida ne. Ya riƙe Sir Kashim Ibrahim, tsohon Gwamna, a matsayin mai ba shi shawara, ya jingina da ƙwararrun ma'aikata irin su Malam Ali Aƙilu, har ofisoshi suka ci gaba da aiki, albashi bai tsaya ba, aka sayi gyaɗa da auduga kamar yadda aka saba. Mutuncin da gidansu ya tara cikin shekara sittin shi ya kwasa yana kashewa, kamar mai cin rumbun gado a shekarar fari, domin ya sa mutane su saurari gwamnati.

Ba zan ce ya yi nasara a kan komai ba, domin idan na faɗi haka na ci amanar abin da na gani. Ranar 24 ga Mayu 1966 Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, kuma cikin kwana biyar tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, ana kiran "a raba". Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da Fajuyi, Gwamnan soja na Yamma, a Ibadan, Yakubu Gowon ya karɓi mulki. Sannan ƙarshen Satumba da farkon Oktoba suka zo da abin da har yau nake jin nauyin faɗinsa. An kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas a garuruwanmu, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, masu shaguna da makanikai da malaman makaranta da 'ya'yansu. Gwamna ya yi ta kira a rediyo, ya zaga gari-gari, ya sa sarakuna da malamai su yi magana, amma wutar ta fi ƙarfin masu kashe ta, kuma wasu daga cikin waɗanda ya kamata su kashe ta su ne suke hura ta.

Oga da matarsa da 'ya'yansu uku sun kwana biyu a ɗakina. Na jingina katifa a jikin taga, na kulle ƙofa ta waje da kwaɗo domin a zaci ba kowa, ina shigo musu da koko da ƙosai a cikin bokitin wanka. Ƙaramar 'yarsu tana tari, uwar ta riƙa toshe mata baki da gefen zane duk lokacin da aka ji tafiya a tsakar gida. A rana ta uku na ba Oga babbar rigata da hula, na sa matarsa ta yafa gyale, muka bi ta lungu zuwa tashar jirgin ƙasa, inda aka sa masu gadi ana kwashe mutane zuwa Gabas. Tashar ta cika maƙil, mutane a kan tabarmi da akwatuna, wasu da raunuka an ɗaure da tsumma. Da zai shiga tarago ya ciro sifana guda daga aljihu, wadda yake aiki da ita kullum, ya danƙa mini ya ce: "Ɗan Katsina, riƙe wannan, ka kula da injin nan na uku, yana zubar da mai." Ban sake ganinsa ba. Sifanar tana cikin akwatina har yau. Idan ana lissafin abin da mulkin Hassan ya kasa hanawa, wannan yana kan gaba, kuma na tabbata mutum mai kunya irinsa bai sauke wannan kaya daga zuciyarsa ba. Amma na kuma san cewa jirgin da Oga ya shiga, da masu gadin da suka tsaya a bakin tashar, ba daga sama suka faɗo ba.

Abin da ya kammala juya ra'ayina a kansa wani abu ne da ba a cika ambatonsa ba. A zamaninsa ne gwamnatin Arewa ta ɗauki matakin raba kotuna da En'e. Dokar da aka yi a 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da alƙalai ƙarƙashin sashen shari'a na gwamnati, kuma a shekarun nan ne 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun En'e. Wannan shi ne abin da 'yan NEPU suka shekara goma sha biyar suna nema, ana ɗaure su a kansa. Wanda ya buɗe ƙofar kuwa ɗan Sarki ne, mahaifinsa yana raye, yana kan gado, kuma ikon da aka rage har da na mahaifin nasa. Na yi ta tunanin yadda mutum zai sa hannu a irin wannan takarda sannan ya je gida ya durƙusa ya gai da tsohonsa. Da na je Katsina na tarar da kawuna, mai tabon bulala, yana zaune a zaurenmu. Na tambaye shi ko ya ji labari. Ya ce ya ji, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da wani bare ne ya yi wannan, da sarakuna sun ce an ci musu mutunci, amma tun da nasu ne ya yi, sai su haɗiye.

A farkon Janairu 1967 yana cikin waɗanda suka je Aburi a ƙasar Gana neman sulhu da Ojukwu, Gwamnan soja na Gabas, sulhun da bai ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa, kuma da wannan kujerar Hassan ta ƙare, domin babu sauran Jihar Arewa da zai mulka. Bai yi jayayya ba. Ya karɓi shugabancin hukumar da aka kafa a Kaduna domin kula da dukiyar da jihohin shida suka gada tare, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna da jaridar New Nigerian, har aka yi rabon gado ba tare da 'yan'uwa sun kai juna ƙara ba. Kwana uku bayan raba jihohi aka ayyana Biyafara, ranar 6 ga Yuli kuma yaƙi ya fara.

Na shiga soja a ƙarshen 1967. Zan so in ce kishin ƙasa ne kaɗai ya kai ni, amma har da rashin natsuwa, domin tun bayan tafiyar Oga na kasa tsayawa a gaban injin nan. Aka yi mana horon makonni kaɗan a Zariya, aka aske mu, aka ba mu kaki da bindiga, aka tura mu Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta riga ta karɓi Nsukka da Inugu. A Mayun 1968 aka naɗa Hassan Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Kurtu a cikin rami ba ya ganin Babban Hafsa, amma yana ganin aikinsa ko rashin aikinsa a cikin kwanon abinci da akwatin harsashi da takalmin da ke ƙafarsa. Sojan da bai fi dubu 10 ba kafin yaƙi ya kumbura ya haura dubu 200, kuma ciyar da wannan taro, da tufatar da shi, da samar masa hafsoshi, da sa kwamandoji uku masu ƙarfin kai su ja igiya ɗaya, aiki ne da ba a yi masa kirari. A Mayun 1969 aka sauya kwamandojin rundunonin uku gaba ɗaya, Bisalla ya karɓi tamu, Obasanjo ya karɓi ta uku daga Adekunle, kuma bayan wata takwas yaƙi ya ƙare. Ni ban ga ƙarshensa a fagen daga ba. A kan hanyar Umuahiya, cikin Afrilun 1969, ɓarɓashin igwa ya shiga cinyata ta hagu, aka kwaso ni a bayan mota tare da wasu mutum shida, biyu daga ciki ba su kai asibiti ba. A gadon asibiti na ji sanarwar 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif daga safiyar da muka ji ƙarar nan a Kaduna.

Ya bar kujerar Babban Hafsa a Janairun 1971, ya koma hedikwatar ƙoli, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya mai kula da ma'aikata, sannan ya yi ritaya a 1975 lokacin da aka kifar da gwamnatin Gowon. Shekarunsa 42 kacal. Ya koma Kaduna da zama, ya koma ga dawakinsa, ya shugabanci ƙungiyar folo ta ƙasa, kuma ƙofar gidansa ta zama wurin da mai neman aiki da mai neman makaranta da mai neman a sa baki a rigimarsa suke taruwa tun da safe. Da Sarki Nagogo ya rasu a 1981, yayansa Muhammadu Kabir ne ya hau gado, shi kuwa ya ci gaba da zama Ciroma.

Ni ma da aka sallame ni, da ƙafa mai ɗingishi da 'yar fansho, sai na koma ga basillar mahaifina. Na kafa rumfa kusa da filin folo na Kaduna ina gyaran sirdi da majayi, kuma a nan ne na riƙa ganinsa kusa, musamman lokacin gasar shekara. Abin da na lura da shi ƙarami ne, amma ɗan baduku ya san darajarsa. Manya da yawa suna zuwa ne a miƙa musu linzami su hau. Shi kuwa yakan zagaya dokin, ya duba ƙafafunsa, ya sa yatsu a ƙarƙashin majayi ya ji ko an matse dabbar fiye da kima, kuma yaran barga ba sa gudu idan ya doso, sai dai su matso. Wata rana ya wuce ta gaban rumfata, na yunƙura na miƙe na ƙame kamar yadda aka koya mana a Zariya, na ce: "Ranka ya daɗe." Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwar irin ta soja, ya ɗan tsaya kafin ya wuce. Na so in ba shi labarin kawuna da na Oga da na hanyar Umuahiya, amma mu Katsinawa an ce kunya gare mu, sai na koma na zauna na ɗauki ɗinkina.

Ranar Litinin 24 ga Yuli 1995 ina rumfa ana yayyafi, rediyo ya faɗi rasuwarsa yana da shekara 62. Na naɗe fatun da ke gabana, na rufe rumfa, washegari na hau mota zuwa Katsina. A Ƙofar Soro na tarar da jama'a ta cika fili, manyan motoci a jere, masu rawani suna shiga suna fita. Ban nemi shiga ciki ba. A gefe guda, a gindin katanga, na hangi wasu tsofaffi zaune, wani da sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe babu komai a ciki, kuma daga yadda suka jera takalmansu na gane ko su wane ne. Akwai Tibi a cikinsu, akwai Angas, akwai Babarbare, wasu sun kwana a hanya daga Binuwai da Filato. Na yi musu sallama, suka matsa suka ba ni wuri a kan tabarma. Wanda ke kusa da ni ya tambaye ni rundunata da bataliyata, na faɗa masa, ya ce shi ma ta can ya bi, sannan muka ɗaga hannu tare da sauran jama'a lokacin da liman ya fara addu'a.